Jamhuriyar da Ƙasar Sin Ba Ta Haifa Ba

A shekarar 1848 gwamnan lardin Fujian, Xu Jiyu, ya kammala wani littafi a kan ƙasashen duniya, kuma da ya iso kan Amurka sai labarin George Washington ya tsaya masa a rai. Ga mutum ya ci yaƙi, ƙasa tana tafin hannunsa, amma ya ƙi naɗa kansa sarki, ya ƙi bar wa zuriyarsa mulki, ya yarda a riƙa zaɓen wanda zai hau bayansa. Xu bai ɗauki wannan a matsayin baƙon abu ba. Halin sarakunan farko na ƙasarsa ya gani, waɗanda littattafan Sinawa suka ce sun riƙi duniya a kan cewa ta kowa da kowa ce. Daga baya, a 1853, aka sassaƙa yabon nasa a dutse aka aika Amurka, yana nan cikin hasumiyar tunawa da Washington. To, idan malamin da ya tashi cikin karatun Konfushiyas zai iya ganin jamhuriya ya gane ta haka, me ya hana ƙasarsa ta haifi tata tun kafin jiragen Turawa su iso? Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, da-na-sani ƙeya ce. Ban yarda ba, domin ba a gane dalilin da ya sa abu ya faru sai an auna abin da zai iya hana shi. Kuma har yau akwai masu cewa Sinawa an halicce su ne don bin mutum ɗaya, akwai kuma masu cewa tun tale-tale suna da dimokuraɗiyyarsu. Duka biyun sun kauce. Abin da tarihi ya nuna shi ne Sinawa sun mallaki kusan dukkan tunanin da jamhuriya take buƙata, amma sun rasa majalisa tsayayya wadda mulki zai faɗa hannunta ranar da karaga ta zama babu kowa. Da jamhuriya ina nufin tsarin da mulki ba gadon gida ɗaya ba ne, yana hannun taron mutane da hukuncinsu yake hawa kan mai muƙami ko yana so ko ba ya so. Ba dole kowa ya jefa ƙuri'a ba. Tsohuwar Rum da birnin Venis jamhuriyoyi ne, alhali manyan gidaje kaɗan ne suke juya su.

Ta fuskar tunani babu abin da ya yi ƙaranci. Labarin da kowane ɗalibi yake fara ji shi ne Sarki Yao ya tsallake ɗansa ya miƙa mulki ga Shun, wani manomi da ya yi suna wajen biyayya ga iyaye, shi kuma Shun ya tsallake nasa ɗan ya ba Yu, wanda ya shawo kan ambaliyar ruwa. Gado ya fara ne daga ɗan Yu, ke nan a idon al'adar kanta gadon sarauta ya zo ne daga baya, bayan zamanin da ya fi kowane kyau. A 1993 aka buɗe wani kabari a Guodian, lardin Hubei, wanda aka rufe wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, aka sami rubuce-rubuce a kan tsagaggun gora. Ɗaya daga cikinsu yana cewa miƙa mulki ga wanda ya cancanta shi ne ƙololuwar nagarta, kuma jama'a ba za su gyaru ba sai da shi. Wannan rubutu ya ɓace sama da shekara dubu biyu, abin da ke nuna akwai muryoyin da daular da ta biyo baya ba ta ga amfanin adana su ba. Malamin falsafa Mozi ya koyar cewa asalin sarauta shi ne an zaɓi mafi nagarta a duniya an ɗora shi. Mengzi, babban magajin Konfushiyas, ya sa talakawa a sama, sarki a ƙasan ma'auni, ya ce azzalumi ya riga ya zubar da sunan sarki don haka kashe shi ba kisan sarki ba ne, ya kuma shawarci sarki da kada ya ɗaukaka mutum ko ya kashe shi sai ya ji bakin mutanen ƙasa. Maganganun suna da kaifin da ya sa Hongwu, wanda ya kafa daular Ming, ya sa aka cire wurare 85 daga littafin a 1394.

Sai dai duk waɗannan malamai suna jayayya ne a kan wanda ya dace ya zauna a kujerar, babu wanda ya ce a raba ta ko a ɗora taro a samanta. Mozi bai faɗi wa zai yi zaɓen ba. A wurin Mengzi, Sama ce take bayarwa, karɓuwar sarki a wurin jama'a alama ce da ake karantawa bayan abu ya riga ya faru, kuma ko shawarar da ya ce a nema, sarkin ne zai bincika ya yanke. Akwai kuma ɓangaren ibada: mai mulki shi ne wanda ake kira Ɗan Sama, shi kaɗai yake da izinin yin hadaya ga Sama a madadin kowa, aikin da majalisa ba ta iya yi. Shi ya sa murabus don wanda ya cancanta ya dogara kacokan ga son ran wanda yake kai. Sau ɗaya aka gwada shi da gaske, lokacin da Sarki Kuai na ƙasar Yan ya miƙa mulki ga wazirinsa Zizhi. Yaƙin basasa ya ɓarke, ƙasar Qi ta mamaye Yan a 314 kafin Miladiyya, Mengzi da kansa ya ce Kuai ba shi da ikon bayarwa, Zizhi ba shi da ikon karɓa. A zamanin daular Han, wani malami Sui Hong ya ba da shawarar a nemo mai nagarta sarki ya sauka ya ba shi, aka kashe shi a 78 kafin Miladiyya. Daga nan murabus ya zama rigar da masu ƙwace suke sawa. Wang Mang a shekara ta 9 da Cao Pi a 220 duk da sunan bin sawun Yao da Shun suka karɓi mulki, da takobi a bayan labule.

Saboda haka inda ya kamata a duba shi ne lokutan da aka sami taron mutane masu ƙarfi a gefen sarki. Na farko shi ne zamanin ƙananan ƙasashe masu ganuwa, daga ƙarni na 9 zuwa na 5 kafin Miladiyya. A kowane birni akwai waɗanda ake kira guoren, mutanen cikin gari masu ɗaukar makami, kuma sarki ba ya iya yaƙi ba tare da su ba. Su ne suka kori Sarki Li na daular Zhou, kuma daga 841 aka yi shekara goma sha huɗu babu sarki a karaga. Masanin tarihi Sima Qian ya ce manyan hakimai biyu ne suka riƙe ƙasa tare, wani tsohon kundin kuma ya ce basarake ɗaya ne ya yi riƙo. A ƙasar Chen, a ƙarshen ƙarni na 6, da aka rasa ko a bi ƙasar Chu ko a bi Wu, sarki ya tara mutanen gari ya ce masu son Chu su koma dama, masu son Wu su koma hagu. Wannan ƙuri'a ce da ƙafa. A ƙasar Zheng, a 542, aka ba waziri Zichan shawara ya rushe makarantar da mutane suke taruwa suna sukar gwamnati, ya ƙi, ya ce su ne malamansa. A Lu, mahaifar Konfushiyas, manyan gidaje uku suka kori Sarki Zhao a 517, ƙasa ta ci gaba da tafiya babu sarki har ya mutu a gudun hijira a 510. A Jin kuwa gidaje shida ne suke karɓa-karɓa a shugabancin runduna da gwamnati. Duk wanda ya san yadda Rum ta kori sarakunanta wajen wannan zamanin zai ga cewa kayan haɗin iri ɗaya ne. Da gidajen Jin sun mai da karɓa-karɓarsu doka, sun kafa zauren da zai ɗaure su duka, da an sami jamhuriyar sarakai a arewacin Sin.

Ba su yi ba. A Chen, bayan an tsaya dama da hagu, wani bafade ne ya fito ya yi magana sarki ya bi shawararsa, ƙidayar ba ta ɗaure kowa ba. A Lu aka naɗa ƙanen marigayin. Gidajen Jin suka cinye juna har uku suka rage a 453, kowanne ya zama masarauta a 403. Abin da ya rufe ƙofar gaba ɗaya shi ne sauyin salon yaƙi. Karusar sarakai ta ba da wuri ga rundunonin manoma masu tafiya a ƙasa, ɗaruruwan dubbai, mutanen cikin ganuwa suka daina zama masu muhimmanci. A nan ne bambancin yake da zurfi. A Rum, da talakawa suka ga ana buƙatarsu a fagen fama, sai suka fice daga gari gaba ɗayansu har aka ba su wakilai masu ikon hana hukunci, wato haƙƙin da suka samu na taro ne. A ƙasar Qin, gyare-gyaren Shang Yang daga 356 sun biya sojan ladansa shi kaɗai, da gona da matsayi gwargwadon kawunan abokan gaba da ya kawo, sannan aka jera gidaje biyar-biyar da goma-goma kowa yana lamunin laifin maƙwabcinsa. Manomi ya sami hanyar ɗaukaka ba tare da ya haɗa kai da kowa ba. Mai jayayya zai ce ko da an sami jamhuriya a Jin, Qin za ta haɗiye ta kafin 221, kamar yadda masarautar Magadha ta haɗiye ƙawancen Vajji a Indiya. Na karɓi wannan. Filin Kogin Rawaya shimfiɗaɗɗe ne, babu teku ko duwatsun da ƙaramar jamhuriya za ta fake. Wannan ƙofa ta farko ƙunci gare ta, kuma abin da za ta iya bari shi ne misali a cikin littattafai, wanda na baya za su iya kafa hujja da shi. Ko wannan ma ba ƙaramin rashi ba ne a al'adar da ba ta karɓar sabon abu sai an nuna mata magabata sun yi.

Ƙofa ta biyu ta fi faɗi, kuma ita ce ta fi ci mini rai. A ƙarshen daular Ming, yankin Jiangnan da ke ƙasan Kogin Yangzi yana da arziki da birane da maɗaba'o'i da dubban masu ilimi da ba su da muƙami. Sarki Wanli ya yi shekaru da dama yana ƙin fitowa zaman fada, manyan ma'aikata kuma suna da al'adar taruwa su tsayar da sunayen waɗanda za a ba manyan muƙamai. A 1604 Gu Xiancheng ya farfaɗo da makarantar Donglin a Wuxi, ta zama dandalin sukar fada, har Wei Zhongxian, shugaban babannin fada, ya murƙushe ta a 1625 da 1626. Ƙungiyar Fushe da ta biyo baya a 1629 tana da mambobi dubbai a larduna da yawa, tana tarukan ƙasa, tana da ta cewa a kan wanda zai ci jarrabawar shiga aikin gwamnati da wanda zai sami muƙami. Daga cikin wannan yanayi Huang Zongxi ya fito, wanda mahaifinsa ya mutu a kurkukun Wei. A littafinsa Mingyi Daifang Lu na 1663 ya ce jama'a ne masu gida sarki baƙo ne, ya bambanta dokar da aka yi don duniya da dokar da aka yi don tsare dukiyar gida ɗaya, ya nemi a maido da muƙamin waziri da Hongwu ya soke a 1380, domin ɗan sarki ba lallai ya cancanta ba amma waziri ana iya zaɓen mai cancanta. Mafi muhimmanci, ya ce makarantu su zama wurin yanke abin da yake daidai da wanda ba daidai ba. A farkon kowane wata sarki da ministocinsa su je babbar makarantar ƙasa su zauna a sahun ɗalibai, shugabanta ya faɗi kurakuran gwamnati ba tare da tsoro ba. A gundumomi ma haka, kuma shugaban makarantar gunduma jama'ar wurin ne za su tsayar da shi, ba fada ba.

Sai ga karaga ta zama babu kowa. A 1644 Beijing ta faɗi, sarki ya rataye kansa. A Nanjing, babban birni na biyu, akwai cikakkun ma'aikatu da ministocinsu. Abin da suka yi shi ne gardama a kan wane ɗan sarauta za a naɗa, Yariman Fu ko Yariman Lu, kuma kafin su gama wani gwamna, Ma Shiying, ya shigo da Yariman Fu da goyon bayan janar-janar. Gwamnatin ta ƙare cikin shekara ɗaya tana faɗa da kanta. A kwatanta da ƙasar Holan shekara sittin kafin nan. A 1581 majalisar lardunanta ta yi wa Sarki Filib na Sifen tawaye, kuma su ma sarki suka shiga nema. Suka gwada wani basaraken Faransa abin bai yi ba, suka yi wa sarkin Faransa da sarauniyar Ingila tayi duka suka ƙi, zuwa 1588 suka ci gaba da mulkin kansu. Mutanen Holan ba su fi na Jiangnan ƙin sarauta ba. Abin da suke da shi majalisu ne da suka daɗe suna zama, waɗanda ba a karɓar haraji sai da yardarsu, don haka da sarki ya ɓace akwai hannun da ya riga ya saba riƙe jakar kuɗi da biyan soja. A Sin, garin Jiangyin ya nuna jama'a suna iya tsayawa da kansu, domin a 1645 mutanensa suka ɗora ƙananan jami'ai biyu a kansu suka yi kwana 81 suna tare rundunar Manchu, masu daular Qing da suka mamaye ƙasar. Amma babu wata igiya da ta ɗaure Jiangyin da garuruwan da ke kusa da ita, kowanne ya mutu shi kaɗai. A Taiwan gidan Zheng, mai biyayya ga Ming, ya ci gaba da ƙidayar shekaru da sunan Sarki Yongli na Ming har 1683, shekara ashirin bayan an kashe shi, gwamnati ce a ƙarƙashin karagar da babu kowa a kai, sai dai mulkin ya zama gadon gidan Zheng.

Akwai ƙalubale biyu masu nauyi. Na farko, Huang bai nemi a kawar da sarki ba, sarki nagari yake jira, kuma makarantarsa ta masu ilimi ce ba ta manoma ba. Gaskiya ne. Amma majalisar Ingila ma ba don kawar da sarki aka fara ta ba, kuma ƙarnuka ta yi tana hannun masu filaye. Abin da yake mai da wurin nasiha ya zama wurin mulki shi ne zama a kai a kai da riƙe haraji. Huang ya ba da na farko, bai ba da na biyu ba, kuma a ganina wannan ne ramin da ke cikin shirinsa. Da daular Ming ta kudu ta rayu a bayan Kogin Yangzi kamar yadda Song ta kudu ta yi shekara 150, tana da sarki mai rauni da yaƙi mai cin kuɗi, dole ta roƙi masu filaye da attajiran Jiangnan, su kuwa suna da Fushe da makarantu da za su yi ciniki ta bakinsu. Abin da zai fito mulkin malamai ne da sarki na hadaya da bukukuwa. Manchu sun ga wannan haɗari sarai. A 1652 suka hana ɗalibai kafa ƙungiyoyi, a 1661 suka hukunta masu ilimi sama da 13,000 a Jiangnan kan bashin haraji, suka kuma kashe ɗaliban Suzhou da suka taru a haikalin Konfushiyas suna kuka da zaluncin mai tara haraji. Ƙalubale na biyu ya fi zurfi, kuma daga cikin falsafar yake. Malaman Konfushiyas sun ɗauka gaskiya ɗaya ce, mai nagarta yana ganinta, don haka wanda ya saɓa maka bayan an yi bayani mugun nufi gare shi. Ko Ouyang Xiu, da ya kare kafa ƙungiya a 1044, ta mutanen kirki kawai ya halatta. Jamhuriya kuwa tana buƙatar wanda aka kayar ya koma gida lafiya ya dawo gobe, kuma rigimar Nanjing ta nuna ba su koyi wannan ba. Amsata ita ce babu al'ummar da ta koyi wannan daga littafi. Turawa ma sun daɗe suna la'antar ƙungiyanci, zama a zaure ɗaya shekara da shekaru ne ya tilasta musu haƙuri da juna. Tsarin Sin kuwa yana hana irin wannan zama: jarrabawa tana jan haziƙai zuwa fada ɗaya bayan ɗaya, doka kuma ta hana jami'i yin mulki a lardinsa na haihuwa.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa jini ne ko al'ada tana tsibirin Borneo. Sinawa masu haƙar zinariya, akasarinsu 'yan ƙabilar Hakka, sun kafa ƙungiyoyin hannun jari da ake kira kongsi. A 1776 goma sha huɗu daga cikinsu suka haɗu a Montrado suka kafa tarayyar Heshun mai zauren taro, a 1777 kuma Luo Fangbo ya kafa Lanfang a Mandor. Suna zaɓen shugabanni, suna yanke shari'a, suna tara haraji, suna da mayaƙa. Da Luo ya mutu a 1795 ba ɗansa ne ya gaje shi ba. Ba littafin Turawa suka karanta ba, abin da suka sani daga ƙauyukansu ne: kwamitin haikali, asusun dangi, rantsuwar 'yan'uwantaka da rabon riba. Bai kamata a ƙawata su ba, domin shugabancin Lanfang na mutanen gundumar Luo ne kaɗai, daga baya ma ya koma hannun gida ɗaya a ƙarƙashin Holan, wadda ta rushe Montrado a 1854 ta kuma haɗiye Lanfang a 1884. Duk da haka sun nuna inda babu Ɗan Sama a kusa, kuma kuɗin na taro ne, Sinawa talakawa sun gina mulkin taro da hannunsu, ya kuma rayu shekaru da dama.

A cikin ƙasar ma tunanin bai mutu ba. Wajen 1861 Feng Guifen ya ba da shawarar mutanen ƙauye su riƙa rubuta suna a takarda ana ƙidayawa don fitar da shugabanninsu, yana kafa hujja da magabata. A shekarun 1890 Liang Qichao da abokansa suka riƙa buga sassan littafin Huang suna rabawa a ɓoye. Majalisun larduna sun zo a 1909, da tsarin da aka aro daga waje, masu ƙuri'a ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma waɗanda suka cika su jikokin mutanen Donglin ne a tarbiyya, irin su Zhang Jian na Jiangsu wanda ya zo na ɗaya a jarrabawar fada ta 1894. Da tawaye ya tashi a Wuchang a Oktoban 1911, waɗannan majalisu suna cikin waɗanda suka janye lardunansu daga daular Qing, kuma a ƙarshen Disamba wakilan larduna 17 suka zauna a Nanjing, kowane lardi da ƙuri'a ɗaya, suka zaɓi Sun Yat-sen shugaban ƙasa na riƙo. Abin da ya gagara a wannan birni a 1644 ya yiwu saboda a wannan karon akwai gwamnatocin larduna da majalisun da za su aiko wakilai. Amma majalisun shekararsu biyu kacal da kafuwa, ba su taɓa riƙe albashin soja ba, kuma rundunar arewa ta Janar Yuan Shikai ce. Aka harbe Song Jiaoren, jagoran jam'iyyar da ta ci zaɓe, a Maris na 1913, a farkon 1914 kuma Yuan ya rushe majalisar ƙasa da na larduna duka, babu wata runduna da ta ga wajibinta ne ta tsaya musu.